Haɗa fitilar sola da hannu: Yadda take aiki, lissafinta da darasin Kafanchan

A garuruwan kudancin Jihar Kaduna, daga Kafanchan zuwa Kagoro, Zonkwa, Kwoi da Kachia, ƙaramin faifan sola a kan rufin shago ko na ɗakin kwana ya zama abin da ido ya saba gani. Wasu sun sayi kayansu a haɗe daga kamfani. Wasu kuwa, musamman masu gyaran rediyo da wayar salula da ɗalibai masu sha'awar kayan lantarki, sukan sayi faifai daban, batir daban, ƙwayoyin LED daban, su zauna su haɗa da hannunsu.

Dalilin hakan a bayyane yake. A shekarar 2021 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 85, kimanin kashi 43 cikin ɗari na al'ummar ƙasar, ba su da wutar lantarki ta babban layi. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ƙara tsadar kunna janareta. Sai dai haɗin da aka yi ba da lissafi ba yakan ƙare da asarar kuɗi, wani lokacin ma da gobara. Wannan bayani ya tattaro asalin fasahar, yadda sassanta ke aiki, lissafin da ake bi, da abin da aka koya a Kafanchan tun kafin sola ta zama ruwan dare.

Asalin fasahar

Abubuwa uku ne suka haɗu suka samar da fitilar sola ta yau, kuma kowane da tarihinsa.

Na farko shi ne faifan sola. A 1954 masu bincike a ɗakunan gwaji na Bell da ke Amurka suka nuna ƙwayar silikon ta farko mai amfani, wadda ke juya kimanin kashi 6 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kanta zuwa lantarki. Faifan da ake sayarwa a kasuwa yanzu yana kaiwa kusan kashi 20 ko fiye.

Na biyu shi ne ƙwayar LED, wata 'yar na'ura da ke fitar da haske idan lantarki ya ratsa ta, ba tare da an gasa wata waya har ta yi ja ba kamar yadda tsohon ƙwan fitila ke yi. Nick Holonyak na kamfanin General Electric ne ya samar da mai jan haske a 1962. An shafe kusan shekara talatin kafin a samu mai shuɗin haske mai ƙarfi, aikin da masana uku 'yan asalin Japan suka yi, wato Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, wanda ya sa aka ba su lambar yabo ta Nobel a 2014. Farin hasken da ake gani a tocila da fitilun titi daga wannan shuɗiyar ƙwaya yake fitowa: ana lulluɓe ta da wani sinadari mai ruwan ɗorawa, sai launukan biyu su gauraya su zama fari.

Na uku shi ne batir mai caji. Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro batirin dalma da asid a 1859, irin wanda har gobe ake sa wa mota. Batirin lithiyam kuwa kamfanin Sony ne ya fara fitar da shi kasuwa a 1991.

Muhimmancin LED ga mai amfani da sola yana cikin ƙarancin cin wutarta. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60 yana ba da haske kimanin lumen 800, wato ma'aunin yawan haske. Ƙwan LED mai wat 8 zuwa 10 yana ba da daidai wannan. Ke nan faifai da batirin da ake buƙata sun ragu ninki shida ko fiye, kuma abin da a da sai mai hali ya zama abin da ɗan makaranta zai iya tarawa ya saya. A Kenya, wani ɗalibin injiniya mai suna Evans Wadongo ya fara ƙera fitilun sola masu LED daga tarkacen ƙarfe a 2004, domin maye gurbin fitilar kananzir a ƙauyuka.

Abin da aka gwada a Kafanchan

Kafanchan, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Jema'a, ta bunƙasa ne a matsayin mahaɗar layin dogo tun 1927. A unguwar Bayan Loko, wadda ta samo sunanta daga wurin ajiye kawunan jiragen ƙasa, Gidauniyar Fantsuam ke da mazauninta. An kafa ta a 1996, kuma John Dada da Kazanka Comfort na cikin jagororinta. Ta fara ne da bai wa matan karkara ƙananan rance, daga bisani ta shiga koyar da kwamfuta. A 2001 cibiyar koyonta ta Bayan Loko ta lashe lambar yabo ta Hafkin, wadda ƙungiyar APC ta duniya take bayarwa a wancan lokacin kan fasahar sadarwa a Afirka.

Gidauniyar ta fara aiki da tsofaffin kwamfutoci da aka gyara, sai ta tarar abubuwa uku na kashe su: zafi, ƙura da wutar da ba ta tsayawa wuri ɗaya. Wannan ya sa ta haɗa kai da kamfanin ExpLAN na Ingila a kan wata kwamfuta mai suna Solo, wadda aka tsara ta ci ƙasa da wat 10, ta yi aiki da faifan sola da batir, kuma ba ta da fanka mai zuƙo ƙura. Daga baya, da tallafin cibiyar IDRC ta Kanada da taimakon masana na IT+46 daga Suwidin, ta kafa hanyar intanet mara waya mai suna Zittnet, wadda ta haɗa makarantu da cibiyoyin lafiya da wuraren ibada a yankin. Kafin a kunna hanyar sai da aka auna cin wutar kowace na'ura, sannan aka gina rumbun batura da fayafayan sola da ya dace da ita. A 2008 guguwar farkon damina ta kayar da doguwar hasumiyar sadarwar, aka sake tayar da aikin.

Mai haɗa 'yar fitila a ɗakinsa yana da abin ɗauka a nan. Da farko a rage cin wuta kafin a yi tunanin ƙara faifai. Sannan a auna buƙata kafin a sayi kaya. A ƙarshe a gina komai da sanin yanayin wurin, domin iska da ƙura da tsawa ba sa duba tsadar na'ura.

Sassa huɗu da aikinsu

Ana bukatar fahimtar kalmomi uku. Bolt shi ne ƙarfin turawar lantarki, kamar matsin ruwa a famfo. Amfa shi ne yawan lantarkin da ke gudana, kamar yawan ruwan da ke bi ta bututu. Idan aka ninka bolt da amfa sai a samu wat. Idan aka ninka wat da awannin aiki sai a samu wat-awa, wanda shi ne ainihin abin da aka ci a yini.

Faifan sola. Adadin wat da aka rubuta a bayansa an auna shi ne a ɗakin gwaji, ƙarƙashin haske mai ƙarfin wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita da zafin digiri 25 na ma'aunin Salsiyos. A kan kwanon rufi da tsakar rana faifan kan fi haka zafi nesa ba kusa ba, kuma yana rasa kimanin kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa a kan kowane digiri da ya ƙaru. Faifan da ake kira mai bolt 12 yana fitar da kusan bolt 18 idan yana aiki, ya haura 21 idan ba a jona masa komai ba.

Kwantirola. Wannan ita ce mai gadi tsakanin faifai da batir. Tana hana caji ya wuce kima da rana, tana hana lantarki komawa cikin faifai da dare, kuma tana yanke fitila idan batir ya yi ƙasa sosai. Iri biyu ne a kasuwa. Mai alamar PWM tana da araha kuma ta wadatar ga ƙaramin haɗi. Mai alamar MPPT ta fi tsada, amma tana juya rarar bolt ɗin faifai zuwa ƙarin amfa, don haka ta fi dacewa da manyan haɗe-haɗe.

Batir. Batirin dalma yana da sauƙin samu, amma idan ana zuƙe fiye da rabin cajinsa kullum ba ya daɗewa. Batirin mota an yi shi ne don ya ba da wuta mai yawa na 'yan daƙiƙoƙi a tayar da inji, shi ya sa yake saurin mutuwa a aikin fitila. Ƙwayar lithiyam mai lamba 18650, wadda ake cirowa daga batirin kwamfutar tafi-da-gidanka, sunanta daga girmanta ya fito: faɗin milimita 18 da tsawon 65. Tana da bolt 3.7, ana cajinta zuwa 4.2 ba ƙari. Akwai kuma nau'in LiFePO4 mai bolt 3.2, wanda guda huɗu a jere ke ba da 12.8. Ya fi jure zafi kuma bai cika kamawa da wuta ba.

Ƙwayar LED. Farar ƙwaya mai wat 1 tana aiki da bolt 3 zuwa 3.4, tana cin miliamfa 350. Mai wat 3 tana cin kusan 700. Mai wat 10, wadda ƙwayoyi da yawa ne aka jera a kan faranti ɗaya, tana neman bolt 9 zuwa 12 da kusan miliamfa 900.

Dalilin da LED mai ƙarfi ke ƙonewa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne jona ƙwayar LED kai tsaye da batir. LED ba ta iyakance abin da take ci da kanta. Ƙarin bolt kaɗan yana sa amfa ya yi tsalle, amfa ya kawo zafi, zafin kuma ya sa ta ƙara buɗe baki, har ta ƙone. Saboda haka dole a sa mata linzami.

Hanya mafi sauƙi ita ce resista. Misali, an jera ƙwayoyi uku masu wat 1, kowace na ɗaukar bolt 3.2, jimla 9.6. Batirin dalma da ya cika yana da kimanin bolt 12.6. Bambancin bolt 3 ne. Idan aka raba 3 da amfa 0.35 za a samu om 8.6. Sai a ɗauki resista mai om 10, wadda za ta bar miliamfa 300 su wuce. Ita kanta za ta ƙona kusan wat ɗaya a matsayin zafi, don haka a zaɓi mai jure wat 2.

Hanya ta biyu ita ce 'yar na'urar LM317, wadda idan aka haɗa ta da resista mai om 3.6 take tsayar da gudun lantarki a kusan miliamfa 350, ko batir ya cika ko ya ragu. Tana buƙatar rarar bolt uku, don haka ƙwayoyi biyu a jere suka fi dacewa da ita a kan batir mai bolt 12. Hanya ta uku, wadda ta fi tattalin wuta, ita ce sayen direba da aka ƙera musamman don LED.

Ko da an daidaita amfa, zafi na nan. Sama da rabin lantarkin da ke shiga ƙwayar yakan zama zafi, kuma ta bayanta yake fita. Dole a ɗaure ta da kusa a kan farantin alminiyam, a shafa man da ke isar da zafi a tsakaninsu. Farantin da ke kan tsohuwar kwamfuta yana yin wannan aiki da kyau. Idan yatsa ya kasa tsayawa a kansa na daƙiƙa biyar, farantin ya yi kaɗan. Ƙwayar da ke zama cikin zafi ba lallai ta mutu nan take ba, amma haskenta zai dushe cikin watanni, alhali an yi ta ne don dubban awanni.

Lissafin ɗaki ɗaya

A ɗauka ana son kunna fitilu uku masu wat 3 na awa biyar kowane dare, a kuma yi cajin waya biyu.

Fitilun za su ci 3 sau 3 sau 5, wato wat-awa 45. Wayoyi biyu a kan kimanin wat-awa 10 kowace sun zama 20. Jimla wat-awa 65 a yini.

Ba duk abin da faifai ya samar ke isa fitila ba. Zafi da ƙura da waya da batir kowane na cin rabonsa, don haka ake ɗauka kashi 70 cikin ɗari ne ke kaiwa. Raba 65 da 0.7 ya ba da kusan 93. Sai a raba wannan da awannin rana mai ƙarfi. Ga kudancin Kaduna ya fi aminci a yi lissafi da awa huɗu, saboda gajimaren watannin Yuli da Agusta. Sakamakon shi ne wat 23, don haka faifai mai wat 30 ya dace.

Batir kuwa ana so ya riƙe kwana biyu ba rana, wato wat-awa 130. Idan na dalma ne, tunda rabinsa kawai za a ci, ana buƙatar 260. Raba da bolt 12 ya ba da kusan amfa-awa 22, sai a nemi mai 24 ko 26. Idan LiFePO4 ne, wanda ake iya cin kashi 80 nasa, amfa-awa 13 ya isa. Faifai mai wat 30 bai kai amfa biyu ba, saboda haka kwantirola mai amfa 10 ta wadatar har da wurin ƙari nan gaba.

Ga ƙaramar fitilar karatu kuwa, ƙwayar 18650 guda ɗaya da faifai mai bolt 5 ko 6 da 'yar allon caji mai lamba TP4056 sun isa. A zaɓi allon da ke da sashen kariya, wanda ke yanke wuta idan batir ya yi ƙasa.

Yanayin yankin

Kafanchan tana kimanin digiri 9 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu. Ana fuskantar da faifai kudu, a karkata shi digiri 10 zuwa 15. Daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta rana kan ɗan karkata arewa da tsakar yini, shi ya sa ba a son karkatarwa mai yawa. Ba a kuma shimfiɗa shi kwance sarai, domin ruwan sama ya riƙa gangarawa yana wanke shi.

Damina a wannan yanki ta fi ta Kano da Katsina tsawo da yawan ruwa, tana farawa a Afrilu ta kai Oktoba. Wanda ya yi lissafinsa da ranar Maris zai kwana a duhu a Agusta. Da hunturu kuma hazo na rage hasken, ƙura na kwantawa a kan gilashi, sai a riƙa gogewa da tsumma mai laushi da ruwa, da sassafe kafin faifan ya yi zafi. Inuwar reshen mangwaro a kan ɓangare ɗaya na faifai tana iya rage abin da dukan faifan ke bayarwa, tunda ƙwayoyinsa a jere suke. A bar tazara tsakanin faifai da kwano don iska ta ratsa, a kuma ɗaure shi a jikin katakon rufi da kusoshi, ba a danne shi da dutse ba.

Haɗari da kariya

Bolt 12 ba ya jan mutum, amma batir na iya fitar da amfa masu yawa idan wayoyinsa biyu suka haɗu, har waya ta yi ja ta kama katifa ko labule. Don haka fiyus, kamar mai amfa 5 a misalin da ya gabata, ya zama dab da kan batir mai alamar +. Wajen haɗawa ana fara jona batir da kwantirola, sannan faifai, sannan fitilu. Wajen kwancewa faifai ake fara cirewa.

Ƙwayar lithiyam da ta kumbura, ko ta lotsa, ko take zafi lokacin caji, a daina amfani da ita. Ba a haɗa sabuwa da tsohuwa a ƙunshi ɗaya, kuma duk ƙunshin da ke da ƙwayoyi a jere yana buƙatar allon kariya na BMS. Batirin dalma mai ruwa yana fitar da iskar haidirojin lokacin caji, saboda haka a ajiye shi inda iska ke shiga, nesa da murhu. Ba a jona haɗin gida da wayoyin da ke karɓar wutar kamfanin rarraba lantarki. Wannan aikin ƙwararre ne mai takardar shaida daga hukumar NEMSA, domin kuskure a ciki na iya hallaka ma'aikacin da ke kan turken wuta.

Mataccen batirin dalma ba abin fasawa a tsakar gida ba ne. Najeriya ta ga illar wannan guba a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu sakamakon ƙurar dalma daga duwatsun zinari da ake niƙawa a cikin gidaje. Dalmar batir ita ce dai wannan gubar. A mayar da shi ga dillalin da ke karɓar tsoho, kuma mai liƙa waya da dalma ya wanke hannu kafin cin abinci.

Gane jabun kaya

Arha ba ta ado. Ƙwayar 18650 ta gaskiya ba ta wuce miliamfa-awa 3,500 ko kusa da haka, don haka duk wadda aka rubuta wa 9,900 ƙarya ce. Ta ƙwarai tana da nauyin giram 45 zuwa 50, jabu kuwa sau da yawa ba ta da nauyi a hannu. Faifan sola ma girmansa na tona asirinsa: murabba'in mita ɗaya na ba da kimanin wat 200, saboda haka faifan da bai fi littafin rubutu girma ba ba zai ba da wat 50 ba ko me aka buga a jikinsa. Maltimita, wato mitar auna bolt da amfa, ita ce kayan aikin da ya kamata mai wannan sha'awa ya fara mallaka. Ga wanda zai sayi fitila a haɗe, akwai tsarin tantance inganci na VeraSol, wanda ya samo asali daga shirin samar da haske a Afirka da Bankin Duniya ya ƙaddamar a 2007.

Daga sha'awa zuwa sana'a

Kowace fitilar sola da aka kafa a titi ko makaranta ko asibitin karkara za ta buƙaci mai gyara, kuma galibi abin da ke lalacewa batir ne ko direba, ba dukan fitilar ba. Hukumar Samar da Wutar Lantarki a Karkara, wato REA, tana faɗaɗa ayyukan sola a faɗin ƙasa, Dokar Lantarki ta 2023 kuma ta bai wa jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Kudancin Kaduna na da reshen Jami'ar Jihar Kaduna a Kafanchan da Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, inda dubban ɗalibai ke buƙatar hasken karatu da cajin waya kowane dare. Matashin da ya iya lissafin wat-awa, ya san girman fiyus, ya kuma iya bambance batirin ƙwarai da jabu, yana da abin da manomin citta a Kachia da mai shagon magani a Zonkwa za su biya shi a kai.